Harsashi Kafin Bindiga: Waiwaye a Kan Tarihin Bindigar Toka a Ƙasar Bauchi

Gabatarwa

A ƙarshen kakar bara wata hidima ta kai ni Miri, a bakin hanyar Jos, yamma da birnin Bauchi. A zauren gidan da na sauka na tarar da wani dattijo maharbi zaune a kan buzu, bindigar toka na jingine da bango, a gabansa kuma ga faranti da ƙwallayen dalma kamar goma sha biyu. Yakan ɗauki ɗaya ya gara ta a kan farantin. In ta tafi sambal ya ajiye ta dama, in ta yi ɗingishi ya jefa ta cikin gwangwani. Waɗanda suka tsallake wannan jarrabawa sai ya karce su da farce, sa'annan ya gwada su ɗai-ɗai a bakin bindigar. Da na lura sai na ga yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Na ce, "Baba, wannan tankaɗe da rairaya duk na mene ne, tun da duk dalma ce?" Sai ya ɗaga hannun ya ce, "Malam, ranar da na ce duk ɗaya ne, ga abin da na biya."

Wannan amsa ce ta haifar da wannan maƙala. Masu rubuta tarihin yaƙi a ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga ƙidayar bindigogi: sarki wane yana da kaza, sarki wane ya sayo kaza. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, darajar bindigar ɗuri tana ga abin da aka ɗura mata, kuma ƙarancin harsashin da ya dace yana daga cikin manyan dalilan da suka sa bindiga ta shekara ɗaruruwa a ƙasar nan ba ta ture kwari da baka ba.

Abin da Harshe ya Adana

Ɗalibin Hausa ba ya buƙatar zuwa nesa kafin ya sami hujja ta farko, domin tana bakinsa. Kalmomi uku da suka shafi wannan makami duk aro ne daga Larabci. Albarushi daga albarud yake. Harsashi daga arrasas yake, wanda asalin ma'anarsa ita ce dalma. Ita kuwa bindiga daga bunduƙiyya take, kuma bunduƙ a Larabci sunan wani ɗan itace ne mulmulalle mai kama da ƙwaruru. Daga baya aka riƙa kiran ƙwallayen yumɓu da ake harbin tsuntsaye da su da wannan suna, sa'annan sunan ya koma kan ƙwallon dalma. Akwai masu danganta kalmar da birnin Fenis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, amma bayanin farko ya fi dacewa da siffar abin. Ke nan bindiga ta ci sunan harsashinta, shi kuma harsashi ya ci sunan ƙarfen da aka zuba shi da shi. Hanyar da kalmomin suka biyo ta nuna cewa daga Arewa da Gabas Bahaushe ya fara jin labarin wannan makami, tun kafin ya riƙa samunsa da yawa daga bakin teku.

Sharuɗɗan Zaɓen Harsashi

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a fahimci abin da dattijon Miri yake dubawa. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a sa toshi, a sa harsashi, a danna da sanda har ya zauna daram. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen nan mai murɗawa da ke juya harsashin bindigar zamani ya tafi a miƙe. Saboda haka duk nauyin daidaito yana kan ƙwallon, kuma abubuwa uku ake nema gare shi.

Na farko shi ne awo. Dole ƙwallon ya ɗan gaza faɗin bututun, domin kowane harbi yana barin dauɗar albarushi a ciki, wadda ke ƙara matse hanya. Alal misali, bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18, wadda ake kira Brown Bess, faɗin bakinta kusan milimita 19 ne, harsashinta kuwa kusan milimita 17 da rabi. In ratar ta yi yawa, ƙarfin albarushi ya sulale ta gefe, ƙwallon kuma ya fita yana karo da bangon bututu, ya nufi inda ya ga dama. Shi ya sa maharba ke naɗe shi da ɗan ƙyalle mai maiƙo don cike ratar. In kuwa ya matse har ya tsaya a hanya bai taɓa albarushi ba, to nan ne bututu ke fashewa a hannun mai shi. Turawa da nauyin dalma suke auna bakin bindiga: wadda ake ce wa mai lamba 12, ma'anarta ƙwallo 12 masu cika bakinta su ne laba guda.

Na biyu shi ne irin ƙarfen. Dalma ta sha gaban sauran saboda nauyi da taushi da sauƙin narkewa. Tana narkewa a zafin digiri 327, wato ko a murhun gawayi, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. In aka ɗauki ƙwallo biyu masu girma ɗaya, na baƙin ƙarfe bai wuce kashi 70 cikin ɗari na nauyin na dalma ba, na kuza kusan kashi 64, tsakuwa kuwa ba ta kai rubu'i ba. Abu mara nauyi da wuri iska ke cinye gudunsa. Bugu da ƙari, dalma takan ba da kai in ta sami matsi, ba ta kuma cin bututu, in ta shiga jikin dabba kuma takan baje. Karcewar da dattijon ke yi da farce gwajin taushi ne, domin dalma tsantsa farce yana yi mata shaida.

Na uku shi ne siffa. Ƙwallon da ke da ƙusumbi, ko kumfar iska a ciki, nauyinsa yakan rinjaya gefe guda. Tun a shekarar 1742 wani masanin lissafi Bature, Benjamin Robins, ya bayyana cewa juyin da ƙwallo ke yi a iska shi ke karkatar da shi daga saiti. Abin da Robins ya gano da alƙalami, shi maharbin Miri ke ganowa da faranti. Duk da cika waɗannan sharuɗɗa, irin wannan bindiga ba a cika dogara da saitinta ba in abin harbi ya wuce taki ɗari.

Shigowar Bindiga Ƙasar Hausa

A wannan yanki Barno ce ta fara shahara da bindiga. Limamin fada Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alauma, a ƙarshen ƙarni na 16, ya samo Turkawa maharba, ya kuma sa aka koya wa bayinsa harbi. A Kano, littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Hanyoyi biyu ke nan: ta Sahara daga Tarabulus zuwa Agadas da Kano, da ta Kudu daga bakin teku zuwa Nupe. Ta hanyar Kudu ce doguwar bindigar nan mai ƙanƙara ta shigo, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Danmak saboda cinikin da suka yi a gaɓar Akra har zuwa 1850, ko da yake da yawa daga cikinta a Barmingam ta Ingila aka ƙera. Kaya ne na araha da aka yi domin kasuwar Afirka, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa.

Duk da wannan daɗewa, jihadin ƙarni na 19 da baka da takobi da mashi aka yi shi. A Tafkin Kwato a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Shekara 22 bayan haka, a 1826, Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ga yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, birnin Gobirawa na lokacin. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga arba'in ne da 'yan kai, duk a hannun bayi, kuma kowa ya harba sai ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa domin ya sake ɗuri. Dalili a fili yake. Kafin ɗan bindiga ya yi ɗuri guda, ɗan baka ya saki kibiya da dama. Kibiya mai dafin kwankwani ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. Kyauro da ƙarfe da dafi duk a gida ake samunsu, alhali dalma mai kyau da ƙanƙara da farar wuta ta haɗa albarushi sai an jira ayari. Ruwan sama kuma bai hana baka aiki kamar yadda yake kashe albarushi.

Bauchi: Dalma, Kuza da Baƙin Ƙarfe

Bauchi gari ne da sunansa ma na maharbi ne, domin ruwayar baka ta ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna wa Malam Yakubu wurin da ya kafa birnin a 1809. Abin mamaki a nan shi ne, ƙasar da Yakubu da magadansa suka mallaka tana da arzikin ma'adinai. A Liruwen Dalma an daɗe ana narka kuza ana zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa. Sunan garin kansa ya nuna cewa a bakin mutanen da, kalmar dalma takan haɗa har da kuza. A Zurak ta ƙasar Wase, wadda ke ƙarƙashin Bauchi a lokacin, akwai dutsen dalma na ainihi, haka ma a Arufu, kudu da kogin Binuwai. Sai dai wannan dutse an fi saninsa a kasuwa da sunan tozali, kayan kwalliyar ido. Kuza kuwa, ban da rashin nauyi, kaya ce mai daraja wadda maƙeran farfaru ke nema, ba abin watsawa a daji ba ce.

Saboda haka, a nan kamar sauran sassan Afirka ta Yamma, sai maƙeran baƙi suka cike gurbin. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Aka riƙa sare guntayen ƙarfe ana bubbuge su su yi kama da ƙwallo, in babu kuma a ɗura tsakuwa ko ɓaraguzan tukunyar ƙarfe. Irin wannan harsashi ya saɓa wa sharuɗɗan nan uku gaba ɗaya: bai cika baki daidai ba, ba shi da nauyi, ba shi da siffa. Don a rama rashin ƙarfinsa sai a ƙara albarushi fiye da kima, ƙarin albarushi kuma ya ƙara haɗarin fashewa. Wannan ya sa maharbi ya koyi nisanta bindiga da fuskarsa in zai ja kunama, wanda kuwa bai sa ido a saiti ba, sai dai ya yi fatan dacewa. Matsala ɗaya ta haifi 'ya'ya uku.

Maharban giwa sun sami tasu mafitar, wato sango. Wani gajeren mashi ne mai kaifi da ake shafe wa dafi, a cusa ƙotarsa a bakin bindiga a harba. A nan bindiga ta zama baka, albarushi ya zama tsirkiya, amma dafi ne mai kisan. Babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa maharbi bai amince wa ƙwallonsa ba in abu ya yi girma.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta ƙaru. Etsu Masaba na Nupe, daga 1859 zuwa 1873, ya tara ta ta hanyar ciniki da Turawan kogin Kwara, ya kuma tsare hanyar wucewarta Arewa. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar 'yan bindiga masu horo. Sarakuna suka damƙa bindiga a hannun bayin fada, abin da ya ƙara wa fada ƙarfi a kan hakimai masu dawaki. Amma a maƙwabtan Bauchi, mutanen Ningi, tun daga wajajen 1846 da Malam Hamza ya shiga duwatsunsu, sun shafe fiye da shekara hamsin suna gagarar Bauchi da Kano da Zazzau, alhali babban abin dogaronsu duwatsu ne da dawaki da kwari da baka.

Darasin Amoaful da Burmi

Inda aka fi ganin sakamakon mugun harsashi a rubuce shi ne ƙasar Asante, wadda fataken goro suka sani sarai. A yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda sojojin Hausa suka halarta a ɓangaren Ingila, Asantawa suna da bindigogin ɗuri dubbai da jaruntaka wadda abokan gabarsu ma suka yaba. A gwabzawar Amoaful ta ranar 31 ga Janairu 1874, an yini ana ruwan wuta a cikin kurmi, amma a ɓangaren Ingila mutum 4 ne suka mutu a filin, kusan 200 suka yi rauni. Guntayen ƙarfe da tsakuwa sun sami mutane da yawa, sai dai ba su da ƙarfin kisa in ba a kusa ƙwarai ba. Da dalma mai awo ce a bakin waɗannan bindigogi, da lissafin ranar ya sha bamban.

Daɗin daɗawa, a lokacin nan Turai ta riga ta yi sallama da ƙwallo. A 1849 Claude Minié na Faransa ya fito da dogon harsashi mai buɗewa ya kama zanen bututu. Bayansa aka koma bindigar da ake ɗurawa ta baya da harsashi mai kwanso, a 1884 kuma Hiram Maxim ya ƙera wadda ke aman harsashi kusan 600 a minti guda. Da irin waɗannan ne rundunar Kanar Morland ta iso Bauchi a watan Fabrairu 1902, ta shiga ba tare da yaƙi ba, aka tuɓe Sarki Umaru. A ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi karon ƙarshe a Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da mutane fiye da 600. Abin lura shi ne, Manjo Marsh, wanda ya jagoranci Turawa a ranar, kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Bayan shekara fiye da 300 da shigowar bindiga wannan yanki, makamin da ya kai ga shugaban abokan gaba na kakanni ne.

Bayan Zuwan Turawa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa bindigar da duniya ta yi watsi da ita tun ƙarni na 19 take jingine a zauren Miri har yau? Amsar tana cikin doka. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara mara zane da albarushin kasuwa. Wato an zaɓar wa Baƙar Fata makamin da zai kashe gada amma ba zai kori mai mulki ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ita ma ta ware bindigogin ɗuri a rukuni nasu na daban, nesa da waɗanda aka haramta wa farar hula.

Daga nan bindigar toka ta koma gida biyu. Gida na farko shi ne daji, a hannun maharba da manoma masu korar birai da gadu daga gona. Shi ma dajin ya ƙuntata, domin an keɓe Yankari tun 1956, an kuma hana farauta a cikinta. Zamani ya sauya wa maharbi kayan ɗuri: dalmar tsohon batirin mota ta maye gurbin ta fatake, ƙwallayen boris na keke suka maye gurbin tsakuwa. Kowanne da illarsa. Ƙwallon boris mulmulalle ne amma tauri gare shi, yana cin bututu, in ya daki dutse kuma yakan dawo. Narka dalma a tsakar gida kuwa guba ce ga yara, kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya isa gargaɗi. Gida na biyu shi ne fada. A hawan Sallah 'yan bindigar sarki sukan cika gari da ƙara da hayaƙi, amma albarushi ne zalla da toshi. Bindigar da ta ci sunan harsashi ta wayi gari tana aiki babu harsashi.

Harshe ya sake adana wani abu a nan. Shugaban maharba har yau Sarkin Baka ake ce masa, ko da kuwa duk mabiyansa bindiga suke saɓe da ita. Kalmar 'yan bindiga kuwa, wadda a da take nufin bayin sarki masu tafiya gaban doki, yanzu in an ji ta a rediyo gaba ne ke faɗuwa. A watan Nuwamba 2014 maharba da bindigogin toka suna cikin waɗanda suka taimaka wa soja aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Jaruntakarsu abar yabo ce, amma tarihin da aka bibiya a sama ya nuna haɗarin tura mai ɗuri ɗaya gaban mai harsashi talatin a kwanso guda. An gwada wannan lissafi a Amoaful, an gwada shi a Burmi.

Kammalawa

An ga yadda sunan bindiga da na harsashi suka samo asali daga ƙwallo da dalma, da yadda awo da nauyi da siffa suke hukunta abin da harbi zai haifar. An kuma ga cewa ƙasar Bauchi, duk da kuzarta da tozalinta, ta shiga sahun ƙasashen da suka ɗura wa bindiga abin da ya samu maimakon abin da ya dace, kuma wannan ya taimaka wajen barin baka a kan gadonsa har zuwa 1903. Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa a wannan fage. Sunayen sassan bindiga, da kalmomin ɗuri, da kirarin maharba, da hanyoyin gwajin dalma, duk suna bakin dattawa irin na Miri, kuma ba su da yawa da suka rage. Kafin in bar zauren na ƙirga abin da ya ajiye dama: cikin goma sha biyu, biyar ne suka tsira. Sauran bakwai ya ce wuta za su koma a sake zubi, domin yatsun da suka rage masa yana da bukatarsu.